Darasi: Kamun giwan ruwa daga gaɓa, ƙasan baraji



Darasinmu na wanga karo bisa kifi yake. Na san wani zai ce: me ya haɗa jaridar manoma da kifi, a ƙasar da ba ta da kogi? Gaskiya ne, Dallol Boso tsohon kogi ne da ya ƙafe tun zamanin da ba wanda ya gani. Abin da ya bar mana shi ne rijiyoyi marasa zurfi, da fadamu, da tabkuna. Amma daga Baleyara zuwa Yamai kilometir 100 ne ko kusa da haka. In an gama girbi, samarinmu da yawa suna tafiya cin rani bakin kogin Isa, wanda ƴan Najeriya ke ce ma Kwara. Wasu su tsaya Yamai, wasu su gangara Gaya, wasu su wuce har Yawuri da Kainji. Wanda bai samu aiki ba ya kan sayi ƙugiya da zare ya tafi bakin ruwa. Ba shi da jirgi, ba shi da taru, ba a haife shi cikin Sarkawa ba. Saboda irin wannan mutum aka rubuta darasin. Wanda ya iya karatu ya karanta ma wanda bai iya ba.

Wane kifi ne giwan ruwa?

Shi ne wanda ake ce ma kapitan a kasuwannin Yamai. Jikinshi fari ne kamar azurfa, bayanshi da ɗan duhu, bakinshi babba. A cikin kifayen koginmu babu wanda ya kai shi girma. An taɓa ganin masu tsawon kusan metir 2, masu nauyi fiye da kilo 100. Kada wannan ya ruɗe ku. Irin waɗannan sun yi wuya yanzu, kuma mai tsayawa gaɓa in ya samu na kilo 3 ko kilo 5 ya gode Allah. Namanshi fari ne, ƙaya kaɗan, shi ya sa masu otel da masu gidajen abinci ke neman shi, kuɗinshi kuma ya fi na karfasa da na tarwaɗa.

Abu biyu za ku riƙe game da halinshi, don duk dabarar kamun daga nan ta fito.

Na farko, mafarauci ne. Yana ƙarami ya ci ƙwari da ƴan ƙananan halittun ruwa. In ya girma sai kifi. Wanda ya taɓa haska mashi tocila da dare ya ga idonshi na ƙyalli kamar na kyanwa. Akwai wani abu bayan idon mai maido haske, shi ke sa ya gani cikin duhu-duhu, lokacin da ƙananan kifi ba su gani sosai. Saboda haka farautarshi da asuba ce, da kuma faɗuwar rana.

Na biyu, ba ya jimre ruwan da ba iska cikinshi. Kifi ma numfashi yake yi, da iskar da ta narke cikin ruwa. Tarwaɗa tana rayuwa cikin taɓo, gaiwa ta kan yi rani guda ƙarƙashin busasshiyar laka. Giwan ruwa in ruwa ya ruɓe, shi ke fara mutuwa.

A Amurka da Kanada akwai wani kifi da suke ce ma wolai. Na ruwan sanyi ne, kuma da wuya ya wuce kilo 5. Ba dangin giwan ruwa ba ne na kusa, amma idonshi iri ɗaya ne, lokacin farautarshi ma ɗaya. In sanyi ya wuce ya kan hau koguna don ya yi ƙwai, sai ya taru ƙasan baraji, mutane su jeru gaɓa suna kama shi da fatsa. Wato abin da za mu faɗa a nan ba sirrin koginmu ba ne kaɗai. Halin ruwa ne da na kifi, ko'ina.

Me ya sa kifi ke taruwa ƙasan baraji?

Baraji, ko madatsar ruwa, bango ne da aka gitta ma kogi. Kifaye da yawa suna hawan kogi in ruwa ya fara zuwa, suna neman fadamun da za su yi ƙwai. In sun iske bango sai su tsaya. Na baya su iske na gaba, su yi ta taruwa kamar dabbobi bakin rijiya da rani. Ban da wannan, ruwan da ke zubowa daga bisa yana tahowa da ƙananan kifi. Faɗuwar ta kan gigita su, wasu su ji ciwo, su yi ta juyawa ba ƙarfin gudu. Kuma ruwan da ya faɗo ya yi kumfa ya sha iska. Ga abinci, ga iska. Giwan ruwa me zai nema kuma?

Wuraren da mutanenmu za su iya iske irin wannan ba su da yawa. A watan Yuni na 1985 kogi ya tsaya da gudu a Yamai saboda fari. Bayan wannan ne aka gina ƴar madatsa a Gudel, a 1989, don a tare ruwan sha na birni. Ba ta da tsawo. In kogi ya cika ya kan rufe ta, sai ruwa ya fara ja da baya take bayyana. Babban barajin Kandaji, kusa da Ayoru, an aza tubalinshi a 2008, aka sake tada aikin a 2019, amma ba a gama shi ba tukuna. A Najeriya akwai Kainji, wanda aka gama a 1968, da Jebba can ƙasanshi. A Mali akwai Markala tun 1947. Can har an yi ma kifi wata ƴar hanya gefen bango don ya samu ya wuce, amma ta yi kaɗan, kifi na taruwa ƙasa duk da haka.

Ina za a jefa ƙugiya?

Nan ne zan daɗe, don nan ne baƙo ke ɓata yini a banza.

Baƙo in ya zo, sai ya ga inda ruwa ya fi ƙarfi da kumfa, ya ce can kifi yake. Ya tara ƙarfi ya wurga ƙugiya tsakiya. Ruwa ya kwashe ta, ya cusa ta cikin duwatsu, zare ya tsinke. Giwan ruwa ba ya zama cikin ƙarfin ruwa. Babban jiki gare shi, in ya tsaya yana kokawa da ruwa duk yini, abin da ya ci ba zai biya wahalar ba. Sai ya laɓe inda ruwa ya lafa, kanshi na duban inda ruwa ke fitowa, yana jira a kawo mashi.

Kafin ku kwance zare, ku zauna gaɓa ku dubi ruwa kamar minti 15. Za ku ga tsakiya na gudu. Za ku ga gefe ya kwanta, wani wuri ma yana juyawa a hankali yana komawa baya wajen bango. Tsakanin mai gudu da mai kwanciya akwai layi. Kumfa da ƴan tsinkaye da ganye suna jeruwa bisa shi. Kamar iyaka ce tsakanin gona biyu. To, bisa wagga iyaka giwan ruwa yake tsayawa: jikinshi cikin ruwan da ya lafa, bakinshi kusa da mai gudu. Kuma sau da yawa iyakar ba ta da nisa da gaɓa, metir 10 ko 15 ne. Shi ya sa mutumin da ba shi da jirgi yake iya samun rabo a nan, abin da ba zai samu ba a sararin kogi.

Ku duba kuma bayan babban dutse, inda ruwa ya rabu biyu ya bar wuri shiru. Ku duba ƙarshen bangon siminti. Ku duba inda ruwa ya yi duhu ya yi santsi bayan kumfa ta ƙare, don can faɗuwar ruwa ta gina gurbi mai zurfi. Da tsakar rana cikin gurbin yake kwanciya. Da magariba ya fito ya matso gefe. Iyakar nan kuma ba a kafe take ba. In an ƙara ruwa ta matso gaɓa, in an rage ta ja tsakiya. Wurin da ya ba ka kifi jiya, yau sai ka sake duba shi.

Maganar lokaci cikin shekara. Koginmu sau biyu yake cika a Yamai. Akwai jan ruwa na Agusta da Satumba, wanda Gorowal da Dargol da Sirba ke kawowa da laka. Akwai kuma ruwan da ke fitowa daga ƙasar Gine, ya daɗe cikin fadamun Mali, ya iso mana wajen Disamba da Janairu bayan lakarshi ta kwanta. Kifin da ke farauta da ido ba ya jin daɗin jan ruwa, kuma lokacin ku ma kuna gona. Daga Fabrairu, in ruwa ya fara sauka, sanyi ya rage, shi ne lokacinku. Ya yi daidai da cin rani.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Zaren lailon mai kauri, lamba 80 ko 100, tsawon metir 50 ko fiye, a naɗe bisa gwangwani ko guntun icce mai santsi. Ƙugiya babba mai ƙarfi, wadda ba za ka iya miƙe ta da yatsa ba. Darma don nauyi. Wanda bai samu darma ba, tsohon buji na babur ya isa. A ɗaura nauyin kamu 3 ko 4 bisa ƙugiya, don koto ya samu wurin motsi. In ƙasan ruwa duwatsu ne, ku ɗaura nauyin da zare siriri daban. In ya maƙale, shi kaɗai zai tsinke, ƙugiya ta dawo. Wata dabara kuma ita ce a bar nauyi kaɗan, a sa guntun gora ko guntun tsohon takalmin roba bisa zare ya riƙe koto tsakiyar ruwa. A wurin duwatsu ni wagga na fi so, don mutum na ganin inda kotonshi yake.

Inda tsage ya yi yawa, a sa ɗan guntun waya tsakanin ƙugiya da zare, don haƙoranshi na yanke lailon kamar reza.

Koto, wato abincin da ake sa ma ƙugiya, shi ne rabin aikin. Tana da tuwo da hanjin kaza na tarwaɗa ne da ƙurungu. Giwan ruwa mai rai yake so. Ku kama ƴar karfasa ko kawara mai tsawon tafin hannu da ƙaramar fatsa, ku aje ta cikin bokiti a inuwa, kuna sake mata ruwa. In ruwa ya lafa, a soke ta a baya, ƙasan ƙayar bisa, ba tare da an taɓa ƙashin baya ba. In ruwa na gudu, a soke ta a leɓen bisa, don ta fuskanci ruwa ta yi numfashi. In ta mutu a sake wata. Mataccen koto ragon ruwa yake kawowa. Shi ma kifi ne mai daɗi, ba a ƙi shi ba, amma ba shi muke nema ba yau.

Jifa da ja

Kada ka jefa bisa iyakar kai tsaye. Jefa gaba da ita kaɗan, wajen da ruwa ke fitowa, ka bar ruwa ya gangaro da koto har bisa layin kumfa, kamar kifin da ya faɗo daga baraji. Riƙe zare tsakanin yatsu biyu. Ka yi shiru, kada ka yi ta kai da kawowa bisa duwatsu, kada ka haska tocila cikin ruwa.

Giwan ruwa ba ya tsattsakar koto kamar karfasa. Buɗe baki yake yi ya zuƙe shi gaba ɗaya. Za ka ji bugu guda mai nauyi, sai zare ya fara tafiya. Sake mashi, ka ƙirga 1 zuwa 5, sannan ka fizga da ƙarfi sau ɗaya. Daga nan abu biyu zai yi. Ko ya yi tsalle ya girgiza kai don ya yar da ƙugiya, ko ya nufi duwatsu. In ya yi tsalle kada ka bar zare ya yi sako-sako. In ya ja da ƙarfi ka sake mashi kaɗan-kaɗan, in ya tsaya ka jawo. Gajiyar da shi za ka yi, ba ƙarfi za ka gwada mashi ba. Tun kafin ka jefa, ka zaɓi wurin da za ka fiddo shi, wuri mai rairayi mai gangare, ba bisa dutse ba.

Ku ji wannan da kyau: ba a naɗa zare a hannu, ko a wuyan hannu, ko a ƙafa, ko a ƙugu. Kifin kilo 20 cikin ruwa mai gudu ya fi ƙarfin mutumin da ke tsaye bisa dutse mai santsi. Ko zaren ya yanke yatsa har ƙashi, ko ya ja mutum ciki. A riƙe da tsumma ko guntun fata. In kifi ya iso gaɓa, a kula da marfin kunnenshi, yana da kaifi da tsini, da kuma ƙayoyin bayanshi.

Haɗarin wurin

Mu mutanen tudu ne. Yawancinmu ba mu iya iyo ba, wanda ya iya ma cikin tabki ya koya. Ruwan ƙasan baraji dabam yake.

Ƙaramar madatsa irin ta Gudel ta fi ruɗin mutum, don ba ta da ban tsoro a ido. Amma ruwan da ya zubo daga bisanta yana nutsewa, ya taso, ya komo baya wajen bango, ya sake nutsewa. Abin da ya faɗa ciki haka zai yi ta juyawa. Ruwa mai kumfa kuma ba ya ɗaukar mutum kamar sauran ruwa. Gwanin iyo ma ya kan halaka a irin wannan wuri. Kada ku taka bisa bangon, ko da ruwan da ke bi ta kanshi bai wuce idon ƙafa ba. Gansakuka gare shi. In ƙugiya ta maƙale, a tsinke zare. Ƙugiya nawa take?

Babban baraji irin na Kainji kuwa ƙofofi gare shi da injunan wutar lantarki. In an buɗe, ruwa na hawa ƙasa cikin ɗan lokaci, ko da sama ba girgije ko ɗaya. Dutsen da ka taka ka je da ƙafa sai ya zama tsibiri. Ka kafa tsinke bakin ruwa in ka zo, kana dubanshi. In ka ga ruwa ya rufe shi, ko ƙarar ruwa ta sake, ko ka ji jiniya, tattara ka hau tudu nan take. Kuma kowane baraji yana da masu tsaro da iyakar da ba a ƙetarewa. Ku tambaye su kafin ku zauna. Kada mutum ya tafi shi kaɗai, balle da dare. Dorina na nan cikin koginmu, har kusa da Yamai, kuma da dare take fitowa kiwo.

Sai ciwo. Inda ruwa ya kwanta da ciyawa, can ƴan katantanwar da ke ɗauke da tsargiya suke. Wanda ya ga jini cikin fitsarinshi bayan ya dawo daga kogi ya tafi likita, akwai magani, kada ya ce zafin rana ne. Inda ruwa ke gudu da kumfa kuma, can wani ɗan baƙin ƙuda ke haihuwa, wanda cizonshi ke kawo makantar kogi. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida cewa Nijar ta rabu da wannan ciwo, ita ce ta farko a Afirka. Amma akwai shi a wasu wurare na Najeriya. Mai zuwa can ya sa riga mai dogon hannu da dogon wando.

Ruwa na da masu shi

Kamar yadda baƙo ba ya shiga gona ya yi shuka sai ya ga mai gari, haka ruwa. Ku gaida Sarkin Ruwa na wurin, ku faɗi abin da ya kawo ku. Sarkawa sun san kowane gurbi da kowane dutse, abin da za su faɗa maku cikin hira guda ya fi wannan darasi. Ku je kuma wurin ma'aikatan ruwa da daji ku tambayi maganar takardar izinin su. Tun dokar kamun kifi ta 1998 an hana kama kifi da guba ko da nakiya a Nijar.

Akwai abin da nake so mu yi tunani bisa shi. Kifin da ya taru ƙasan bango ba ƙaruwa ya yi ba, tare shi aka yi. Da yawa cikinsu masu ƙwai ne da aka datse ma hanya. In aka zuba masu taru mai ƙananan idanu aka kwashe, baɗi sai a ce kogi ya lalace. Bayan an gina Kainji, masuntan da ke ƙasanshi sun ga kamu ya ragu, don ruwa ya daina malala cikin fadamun da kifi ke haihuwa. Giwan ruwa ya kan yi kamar shekara 3 kafin ya fara haihuwa, mace kuma ta fi namiji girma, ta fi shi daɗewa kafin ta kai. A ganina, duk wanda bai kai kamu ɗaya ba, wato santimetir 50, a cire mashi ƙugiya da jiƙaƙƙen hannu a maida shi. Manomi ya san ba a cin iri. Masu kamun wolai da na ambata, a jihohi da yawa doka ta yanka masu tsawon da za su ɗauka da adadin da ba za su wuce ba a yini, ma'aikata na zagayawa suna aunawa.

Wani kuma zai ce bari in kawo ƴaƴan giwan ruwa cikin jarka in zuba a tabkin garinmu. Kada ku yi da kanku. A tabkin Biktoriya, can gabashin Afirka, an zuba shi cikin shekarun 1950. Zuwa shekarun 1980 ya cika tabkin, ya cinye irin ƙananan kifi da yawa har suka ɓace. Tabkin nan ya fi ƙasar Kurfai girma nesa ba kusa ba, ina ga namu? Zuba kifi a tabki aikin ma'aikata ne, su suka san wanda zai zauna da wanda ba zai zauna ba.

In an kama

Zafin Maris da Afrilu ba ya jira. Da an fiddo kifi a kashe shi, a fasa ciki, a cire hanji da kunne, a wanke da ruwa mai tsabta. A rufe shi da jiƙaƙƙen buhu a inuwa. Mai kusa da birni ya kai shi kasuwa da sassafe, ɗanyen kapitan ya fi kuɗi. Wanda ke son ya kawo gida ko kasuwar Baleyara ta ran Lahadi, sai banda. A yanka shi gunduwa-gunduwa, don namanshi na da kauri, in an bar shi guda waje ya bushe ciki ya ruɓe. A sa gishiri, a bar shi ya tsane, a ɗora bisa waya, wuta kaɗan hayaƙi da yawa, ana juyawa har ya bushe sosai. Kada a fesa mashi maganin ƙwari na gona don tsoron tsutsa. Guba ce, cikin miyar yaranku za ta ƙare.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ga wurin da karatunku zai yi aiki. Kilo 3 na ɗanyen kifi, in ya sha banda sosai, kusan kilo 1 yake komawa. Ku ɗauki littafi ku rubuta kuɗin zare, da ƙugiya, da gishiri, da icce, da kuɗin mota. Ku rubuta abin da aka taya ɗanye bakin kogi, da abin da aka sayi busasshe a Baleyara. Ku rubuta kuma ranar da kuka kama, da lokacin, da inda ruwa ya tsaya bisa tsinkenku. Waɗanda suka gwada, in sun dawo shirin damina, su ba shugaban ƙungiyar masu saurare ta garinsu abin da suka rubuta ya aiko mana, mu karanta shi cikin shirin manoma.